Kanun Gobe

Ƙarfe sha ɗayan dare a Shomolu,
injin ɗab'i na tari kamar tsoho mai asma.
Janareto ya kusa shanye mansa,
ni na shanye shayin Haladu kofi uku.
Edita ya leƙo, wuyan rigarsa sharkaf:
"Tanimu, ba ni kanu mai ƙona yatsa."

Abin da ya faru kuwa, da idona na gani.
Tun hantsi na matsu cikin danfo
har kasuwar Mil Sha Biyu.
Kwandon tumatir ne ya suɓuce daga baro,
mai baro Lauwali, mai kwando Iya Ronke.
Ta zage shi da harshenta, ya rama da nasa,
babu wanda ya ji na wani balle ya riƙe.
Kafin azahar sun raba asara biyu,
har ta aika masa da lemo mai sanyi.

Amma waya ta riga ni isa ofis.
Kwando ya zama rumfa, rumfa ta zama layi,
jan da ya malale a kwalta aka ce jini ne.
Wani ya rantse ya ƙirga gawa bakwai
yana kwance a ɗakinsa a Agege,
ko takalmi bai sa ba.

Da la'asar ɗan takara ya hau a-kori-kura,
ya kafa hula zanna, ya kama lasifika:
"Ni ne bangonku! Wanda ya taɓa ku ya taɓa ni!"
Aka yi ta tafi har tafin hannu ya yi ja.
Da magariba ya sauya hula a Ketu,
ya sayar wa wasu bangon nan dai.
Yaronsa ya ajiye mini ambulan ruwan ƙasa,
mai kauri kamar burodin Agege.

Babana jarida ya sayar a Obalende
zamanin da takalmin soja ke gyara rubutu.
Yakan ɓoye mujalla a ƙarƙashin huhun goro.
Ranar da suka gano, bayansa ya biya.
Bai iya boko ba, ko sunansa da yatsa yake sawa,
amma in muna shafa masa man zafi sai ya ce:
"Takardar da ake dukan mutum dominta,
akwai abin kirki a cikinta."

Yau ba mai kulle mana ƙofa, Baba.
An cire takunkumi, an ba mu bakinmu.
Sai dai kuɗin haya na jira a Idi-Araba,
albashi ya yi wata uku yana hanya,
kuma ƙarya ta fi gaskiya saurin ƙarewa a tebur.
Mulkin nan namu yaro ne mai tatata,
wanda duk ya fi ihu shi yake bi.
In na zari bunu ɗaya daren nan,
rufin wa zai kama da wuta?
Na Lauwali, da na Iya Ronke,
ba na mai lasifika ba.

Na ja kujera na rubuta:
"Kwando ya faɗi, an biya, an sha lemo."
Edita ya karanta, ya yi dariya har da ƙwalla:
"Wa zai ba da kuɗinsa ya sayi zaman lafiya?"
Ya tura shi shafi na tara,
ƙarƙashin tallan filaye a Ikorodu.
Kanun gaba wani ya rubuta, ba ni ba.
Ban hana ba. Wannan ma a rubuta shi a kaina.

Ambulan na nan a aljihun tebur.
Na ce gobe zan mayar, haka na ce wa kaina,
kuma ban buɗe ba, ko da yake na auna nauyinta.

Asuba ta yi. Babura sun kwashi jarida.
Can a kasuwa Lauwali na ɗaure baronsa,
jibi kuma Iya Ronke za ta yagi shafi na tara
ta ƙunshe wa wani attarugu.